Harbi Daga Nesa: Ina Iyakar Maharbi?

A wannan fitowa za mu ɗan bar maganar gona mu leƙa daji. Idan an gama girbi, an kai hatsi rumbu, mutane da yawa a ƙasar Damagaram sukan saɓa makami su fita neman nama. Wasu gado suka yi, wasu kuwa sha'awa ce kawai. Tambayar da muke so mu duba tare ita ce: in bindigar mutum tana iya kai harsashi wuri mai nisa ƙwarai, ya dace ya harbi dabba daga can?

Kada wani ya ce wannan magana ta maharba ce su kaɗai. Ta shafi mai sayen nama da uwar da za ta dafa wa yara. Ta shafi makiyayi da raƙumansa. Ta kuma shafi dabbobin dajinmu, waɗanda wasunsu sun kusa ƙarewa.

Maharbi da kan burtu

Dattawa sun san yadda maharbin da yake yi. Makaminsa kwari da baka ne. Kibiya ba ta zuwa nesa, saboda haka tilas ya matsa kusa da dabba. Sai ya duba inda iska take kaɗawa, ya zagayo ta inda ba za ta kai wa dabbar warinsa ba. Sa'an nan ya ɗaura kan burtu a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa. Burtu dai babban baƙin tsuntsu ne mai kiwo a ƙasa, namun daji sun saba da shi, ba sa tsoronsa. Maharbi yakan yi rarrafe yana sunkuyar da kan nan yana ɗagawa, kamar tsuntsu mai caccakar ƙwari. Ƙaya ta soke shi, rana ta gasa shi, bai isa ya yi tari ba. Wani lokaci sai ya shafe rabin yini kafin ya isa inda kibiya za ta kai.

A irin wannan farauta dabba tana da nata makamai: ido, kunne, hanci da ƙafa. In ta rigaye shi ganewa, ta tsira, maharbi ya koma gida hannu rabbana. In shi ya fi ta dabara, ya sami nama. Kuma da yake yana kusa, yana ganin abin da zai harba sarai. Ya san namiji, ya san mace, ya san mai ciki, ya san wadda ɗa ke bin ta. Kibiyar tana ɗauke da dafi na kwankwani, dabba ba ta nisa take faɗuwa, shi kuwa yana biye da sawu da wuƙarsa. Maharba suna da shugabansu, sarkin baka, kuma yaro ba ya zama maharbi sai ya daɗe yana bin manya.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a Damagaram. Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Birnin Zinder, ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa, har igwa ana ƙerawa a garin a zamaninsa. Amma bindigar wancan lokaci ta ɗure ce. A zuba albarushi, a tura harsashi, a harba sau ɗaya, kafin a sake ɗurawa dabba ta yi nisa. Mai ita ma sai ya matsa kusa.

Ba mu ce mutanen da ba su yi ɓarna ba. Gashin jimina yana cikin manyan kayan da ayari ke ɗauka daga Zinder zuwa Tarabulus, kuma kuɗinsa ya sa aka matsa wa tsuntsun lamba. Daga baya mota da bindigar zamani suka ƙarasa aikin. Babbar jiminar nan mai jan wuya ta ƙare a dajin Nijar. An koma ana kiwon ƴan kaɗan cikin shinge a Kelle, a ƙasar Gure, da fatan wata rana a mayar da su daji.

Sabon salo daga Amurka

A ƙasar Amurka, musamman jihohin yamma masu duwatsu da filaye, wani salon farauta ya yaɗu. Mutum yakan hau tudu ya kwanta, ya kafa bindiga mai madubin hangen nesa. Yana da na'urar da ke gaya masa nisan dabba, da wata mai auna ƙarfin iska, da waya mai yi masa lissafi. Sai ya harbi dabbar da ke nisan mita 700, ko 900, ko fiye da kilomita guda. Dabbar ba ta gan shi ba, ba ta ji warinsa ba. Akan ɗauki hoton bidiyo a sa a intanet, samarinmu ma suna kallo a wayoyinsu.

Masu yin haka suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Sukan ce sun ɓata shekaru suna koyon saiti. Sukan ce dabbar da ba ta firgita ba tana tsaye cik, ta fi sauƙin samu a kan wadda ke gudu. Sukan ƙara da cewa gwani daga nesa ya fi ɗan koyo daga kusa, kuma kowa shi ya san iyakar hannunsa. Akwai gaskiya a cikin wannan.

Amma su kansu maharban Amurka ba su haɗu a kan abin ba. Akwai tsohuwar ƙungiyarsu mai suna Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, kafin ya zama shugaban ƙasa. A 2014 ta fitar da matsayinta. Ba ta yanka wani adadin mita ta ce nan ne iyaka ba. Ta mayar da maganar kan niyya. A ganinta, wanda yake iya matsawa kusa amma ya ƙi, don yana so ya gwada nisan da zai iya harbi, ya bar farauta ya koma wasan saiti da abu mai rai.

Abin da ke samun harsashi a hanya

Mutane da yawa suna zaton harsashi yana tafiya a miƙe kamar zare. Ba haka ba ne. Tun daga fitarsa bakin bindiga yake fara yin ƙasa, kamar dutsen da aka jefa. A nisan mita 100 saukar kaɗan ce. A nisan mita 1,000 takan kai mita da yawa, ta wuce tsayin ɗaki. Dole mai harbi ya ɗaga bakin bindiga daidai gwargwado, kuma in ya yi kuskuren auna nisan ko da kaɗan, harsashi ya bi ta sama ko ta ƙasa.

Sai iska. Iska matsakaiciya, wadda ba ta wuce ta kaɗa ganye ba, tana iya ture harsashi gefe fiye da mita guda kafin ya kai mita 1,000. Na'ura tana auna iskar da ke wurin mai harbi ne kawai. Wadda ke tsakiyar hanya, ko cikin kwari, ko bayan tudun rairayi, babu mai auna ta. Duk wanda ya san hunturun ƙasar nan ya san iska ba ta zama a kan hali ɗaya. Ga ƙura, ga kawalwalniya da rana, wadda ke sa abu ya yi ta rawa a ido, a gan shi inda ba ya nan.

Abu na uku ya fi sauran nauyi, domin gwaninta ba ta maganinsa. Harsashi yana cin fiye da sakan ɗaya kafin ya kai mita 1,000. A cikin sakan ɗaya barewa tana iya yin taku, ko ta juya, ko ta sunkuya cin ciyawa. Barewar hamada ƴar ƙarama ce, nauyinta bai cika wuce kilo 20 ba. Wurin da zuciya da huhu suke bai fi bakin ƙaramar ƙwarya ba. Taku ɗaya ya isa harsashin da aka nufi ƙirji da shi ya faɗa ciki, ko cinya, ko muƙamuƙi. An ja kunamar bindiga daidai, saiti ya yi kyau, amma dabbar ta gusa.

To, me zai biyo baya? Dabbar da aka fasa wa ciki ba ta mutuwa nan take. Takan gudu ta ɓuya, ta kwana ɗaya ko biyu cikin azaba. Wadda aka karya wa muƙamuƙi yunwa da ƙishirwa za su kashe ta a hankali. Mai harbi kuwa yana can nisan kilomita guda. Kafin ya ratsa rairayi ya iso wurin, minti goma sha biyar sun wuce, wani lokaci ma ba zai gane ainihin inda dabbar ta tsaya ba, balle ya ga jini. Hotunan da ake sawa a intanet na harbin da ya yi daidai ne. Wanda aka kuskure ba a cika nuna shi ba.

Abin da ya faru a Termit

Wani zai ce wannan duka labarin Amurka ne. Gaskiya ne, bindiga mai irin waɗancan na'urori ba ta yawaita a nan ba. Amma muna da namu abin da ya yi kama da ita: bindigar yaƙi da mota mai shiga rairayi. Aikinsu ɗaya ne, suna raba dabba da abin da take kare kanta da shi.

A arewacin Gure, bayan Tasker, akwai duwatsun Termit da hamadar Tin Tumma. A fili irin wannan babu kurmi, babu duhuwa. Tazara ita ce garkuwar dabba. Ta hango mutum tun daga nesa, ta ba shi wuri. A nan ne wata dabba ta rage, wadda Turawa ke kira adaks. Fara ce, mai ƙaho a murɗe, mace da namiji duk suna da ƙaho. Tana iya yin watanni ba ta sha ruwa ba, laimar ciyawa ta ishe ta. Sai dai ba ta da gudu mai tsawo. In mota ta kore ta, ba da daɗewa ba take sarewa. Ɗa guda take haifa, bayan ciki na kusan wata tara.

Wajen 2010 an ƙiyasta adaks kusan 200 suka rage a yankin, kuma su ne garke mafi girma da ya saura a daji a duk duniya. A watan Maris na 2012 gwamnati ta keɓe wurin ya zama gandun daji mai faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000, ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka. Amma a daidai waɗannan shekaru aikin haƙar man fetur na Agadem ya shiga yankin, da hanyoyi da motoci. Rushewar gwamnatin Libiya a 2011 kuma ta watsa makamai cikin hamada. A watan Maris na 2016 masu bincike suka kewaya da jirgin sama fiye da kilomita 3,000, ba su ga adaks ko ɗaya ba. Waɗanda suka bi ta ƙasa suka ga guda uku. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ɗora laifin a kan hayaniyar aikin mai da farautar sata, har da ta sojojin da ke gadin wuraren aikin. A 2019 aka sake shata iyakar gandun, aka cire yankin da rijiyoyin mai suke.

Mariri ya riga ya tafi. A shekara ta 2000 aka bayyana cewa babu shi a daji ko'ina a duniya. Sai daga 2016 aka fara sako waɗanda aka yi kiwo cikin shinge a ƙasar Cadi, da kuɗi masu yawa da wahala, har suka soma haihuwa a can. Mena kuwa, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu ta ɗauki sunanta, waɗanda suka rage a daji ba su wuce ƴan ɗaruruwa ba, kuma Termit na cikin wuraren da ake samun su. Yara da yawa sun san Mena a filin wasa, ba su taɓa jin cewa dabba ce ba.

Ku lura da wani abu a nan. Daga nesa, ko daga kan mota mai gudu, mutum ba ya zaɓe. Ba ya bambanta mace da namiji, tun da duka suna da ƙaho. Ba ya ganin ɗan da aka ɓoye a gindin ciyawa. In ya kashe uwa, ya kashe biyu.

Naman ya halatta? Yana da lafiya?

Malamanmu sun daɗe da yin bayani a kan farauta. A littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan Damagaram, an nuna cewa farauta don wasa makaruhi ce, don buƙata kuwa halal ce. An kuma san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada saiti. Maharbi zai yi bisimilla lokacin harbi. In ya tarar da dabbar da sauran rai mai ƙarfi, sai ya yanka. A mazhabar Malikiyya, in ya yi sakaci wajen bin ta har ta mutu, alhali da ya hanzarta da ya same ta da rai, ba a cin ta. Wadda ta ɓace masa har ta kwana ma akwai magana a kanta. Mai son ƙarin bayani ya tambayi malamin unguwarsu. Amma ko daga wannan an ga cewa harbi daga inda mutum ba zai iya isa ga dabba da wuri ba yana iya mayar da nama mushe.

Ta fuskar lafiya ma haka ne. Harsashin da ya fasa tumbi da hanji yana watsa ƙazanta cikin nama. A zafin ƙasarmu, naman da ya yi awoyi a rana ba a feɗe ba yana saurin lalacewa. Cinsa na kawo amai da gudawa, waɗanda suka fi yi wa yara da tsofaffi illa. Naman da ya yi kore, ko ya kumbura, ko yake wari, a binne shi, kada a ce za a yi kilishi ko a banɗare.

Akwai kuma dalma. Yawancin harsasai da dalma ake yin su. Idan harsashi mai ƙarfi ya bugi ƙashi, yakan tarwatse ya zama ƙananan ɓarɓashi da ido ba ya gani, su bazu nesa da ramin da ya shiga. Dafuwa ba ta kashe gubar dalma. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana cutar da mai ciki da abin da ke cikinta. Mun ji abin da ta yi a Zamfara ta Nijeriya a 2010, inda yara aƙalla 400 suka mutu. Can daga duwatsun zinariya ta fito, kuma ta fi yawa nesa ba kusa ba, amma gubar ɗaya ce. Saboda haka a yanke naman da ke kewaye da raunin da faɗi a zubar inda kare da ungulu ba za su ci ba. Kada a ba ƙananan yara da masu ciki naman wajen.

Wa ke bayan dabbar?

Harsashin bindiga mai ƙarfi, in ya kuskure, yana iya tafiya kilomita uku ko fiye kafin ya faɗi. Dajin Damargu da na Kutus da na Tasker ba kango ba ne. Akwai Tubawa da Buzaye da Fulani da Larabawa da dabbobinsu. Akwai mata masu neman itace, da yara masu kiwon awaki. Mai leƙa madubin bindiga ɗan wuri kaɗan yake gani. Abin da ke bayan tudu bai san shi ba. Raƙumi guda da harsashi ya samu ya isa ya haddasa rigima tsakanin zango da gari, balle ran mutum.

Doka da zuciyar mutum

Dokar farauta ta Nijar mai lamba 98-07, ta ranar 29 ga Afrilu 1998, ta hana farauta daga kan mota, da farautar dare, da amfani da makaman yaƙi, da sa wa daji wuta don koro nama. Ta sa adaks da mena da jimina da raƙumin dawa cikin dabbobin da ba a taɓawa ko kaɗan. Waɗannan ba zaɓin kowa ba ne, wanda ya taka ya yi laifi.

Amma ko mutum yana da takardar izini, ko lokacin farauta ne, ko dabbar tana cikin waɗanda aka yarda a harba, akwai abin da ya rage tsakaninsa da zuciyarsa. Babu ma'aikacin gandun daji da zai tsaya a bayansa yana auna tazara. A ganinmu masu cewa kowa ya san iyakar hannunsa sun faɗi rabin magana ne. Hannu nasa ne, amma iska ba tasa ba ce, takun dabba ma ba nasa ba ne. Kuma in abin ya ɓaci, ba shi ke kwana da harsashi a ciki ba.

Ga awon da muke ba da shawara a kai. Maharbi ya kafa faifai a gindin tudu, inda babu mutum ko dabba a baya. Ya ja da baya ya harba, a irin iskar da zai yi farauta cikinta, da irin tsayuwar da zai yi. Nisan da yake samun faifan kusan kowane harbi, nan ne iyakarsa, ba nisan da ya taɓa dacewa sau ɗaya ba. Yawancin mutane za su tarar iyakar ta fi kusa da yadda suke zato. In dabba ta wuce nan, ya matsa. In ba ta matsuwa, ya sauke bindiga.

In kuwa an riga an yi rauni, bin sawu ya zama wajibi, ko da zai ci sauran yinin. A sa alama inda aka tsaya, a sa alama inda dabbar take lokacin harbi, sa'an nan a bi jini a hankali ba tare da hayaniya ba. Kada a harbi wata dabba kafin a gama da wannan. Mai son sanin lokacin buɗe farauta, da kuɗin takarda, da dabbobin da aka yarda a harba a bana, ya je ofishin ma'aikatan gandun daji mafi kusa da shi, a Zinder ko Mirya ko Gure ko Tanut, kafin ya fita.